Wanda Ya Ɗauki Hoton Ba Ya Ciki

'Yan uwana mata, in aka ce Afolo, yawancinmu ciwon ido ne ke faɗo mana a rai, wannan da ke sa ido ya yi jawur yana kwantsa. To asalin sunan na kumbo ne, Apollo 11, wanda Amurka ta harba zuwa duniyar wata a Yulin 1969, shekarar da ciwon ya ɓulla a Ghana, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Marigayi Shata ma ya yi wa kumbon waƙa. Yau wani hoto guda daga wannan tafiya nake so mu zauna mu duba tare.

Mutum uku ne suka tafi. Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka shiga ƙaramin kumbo mai suna Eagle suka sauka a kan wata ranar 20 ga Yuli. Na ukunsu, Michael Collins, aka bar shi cikin babban kumbon, Columbia, yana ta kewaya wata shi kaɗai. Kowane zagaye kusan awa biyu, kuma in ya faɗa bayan wata sai rediyo ta ɗauke ɗif har minti 48, ba ya jin kowa, ba mai jin sa. Washegari, 21 ga wata, da Eagle ya taso yana dawowa, sai Collins ya ɗaga kyamararsa ta Hasselblad ta taga ya ɗauka.

In kin kalli hoton da farko ba zai burge ki ba. Babu fuskar kowa. Ƙasan wata ce shimfiɗe, launin toka, duk ramuka. Ga Eagle a tsakiya, ba kyan gani, kamar gwangwanin da aka lotsa, ko ƙafafu babu, domin a kan wata ya baro su. Can sama kuma ga duniyarmu 'yar mitsitsiya, rabi haske rabi duhu, daga nisan kusan kilomita 384,000. Sama baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya babu. Masu musu kan ce wai wannan ya nuna ƙarya ce. Haba! Ki tuna hoton amarya da daddare a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, ai duk bayanta duhu yake fita. Rana ce ke haska wata da kumbon, haskensu ya danne na taurari a fim.

Ni dai a ganina wannan ya fi hoton Aldrin tsaye a kan wata, wanda kowa ke yayi. Ki lissafa: mutum biyu suna cikin Eagle, sauran jama'ar duniya kaf, sama da biliyan uku, har da iyayenmu da kakanninmu, suna kan wancan ɗan dunƙulen. Mutum ɗaya tak ne ba ya ciki, shi ne mai riƙe da kyamarar.

Amma hoton na da aibu, kuma sai na faɗa. Ya cika natsuwa, har ya ɓoye fargabar da ke bayansa. Injin tashi guda ɗaya ne a jikin Eagle, da ya ƙi kamawa shi ke nan, Collins zai juyo gida shi kaɗai ya bar abokansa. Har jawabin ta'aziyya an rubuta wa Shugaba Nixon an ajiye. Duk wannan hoton bai nuna ba. In ba a gaya miki ba, ba ki san akwai wanda ya kwana yana jira ba.

Nan ne abin ya taɓa ni. Ɗauko albam ɗin bikinki ki duba. Ga ƙawaye, ga dangin ango, kowa ya sha kwalliya. Ina gwaggon da ta wuni a gindin murhu? Ina yayar da ta tsare ɗaki da yara? Ba sa ciki, alhali ba don su ba da babu bikin. Haka da yawanmu muke a gidajenmu. Maigida ya fita, yara su yi karatu a yaba musu, wadda ta riƙe gidan da za a dawo a tarar kuwa ba a ganin ta.

Ban ce ki yi ƙorafi ba. Collins da kansa ya sha faɗin cewa bai ji kaɗaici ba, ya san aikinsa wajibi ne, tunda ba Columbia ba hanyar komawa gida. Ya rasu a 2021 yana da shekara 90, ana girmama shi. Sai dai shi an rubuta sunansa a ƙarƙashin hoton. Abin da nake roƙo ke nan. In kin nuna wa 'ya'yanki albam, ki gaya musu sunan wadda ba ta fito ba da abin da ta yi. Ke ma ranar suna ko sallah, ki wanke hannu, ki miƙa wa wani wayar, ki shiga a ɗauka da ke.