Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Finafinan Soyayya a Gaɓar Bahar Rum

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san wannan al'ada. Saurayi da budurwa suna tsakiyar cunkoson Bombay, da kiɗa ya tashi sai ka gan su a kan duwatsun ƙanƙara na Suwizalan, suna gama waƙa su dawo gida kamar ba su je ko'ina ba. Wurin ado ne kawai, ko an cire shi labarin ba zai girgiza ba. Da wannan idon na fara kallon tsofaffin finafinan soyayya da barkwanci waɗanda Amurkawa suka ɗauka a Italiya da kudancin Faransa. Na zaci duk tallar yawon buɗe ido ce. Wasu kam haka suke. Amma akwai waɗanda suka wuce nan, kuma abin da ya raba su da sauran shi ne ba su manta cewa masoyan baƙi ne a wurin ba, kuma hutu ƙarewa yake yi.

Zuwan Amurkawa can yana da dalilin kuɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu, Italiya ta taƙaita fitar da ribar da finafinan waje suke samu a gidajen sinimarta. Kuɗin da ba za ka iya kai wa gida ba, dole ka kashe shi inda yake. Ga ma'aikata masu araha, ga katafaren wurin shirya fim na Cinecittà a gefen birnin Roma, ga rana da teku kyauta.

Mu fara da wanda ya fi ɗaukar ido, wato To Catch a Thief na Alfred Hitchcock (1955). Cary Grant ya fito a tsohon ɓarawon lu'ulu'u da ya tuba, Grace Kelly kuma ƴar masu kuɗi daga Amurka. An ɗauke shi a Cannes da Nice da tuddan da ke kallon teku, har mai ɗaukar hoton, Robert Burks, ya samu kyautar Oscar. Fim ne mai daɗi, zancen masoyan cike da zolaya. Sai dai idan ya ƙare ka tambayi kanka me wani ya rasa, ba za ka samu amsa ba. An kama ɓarawon gaskiya, an wanke jarumi, budurwa ta samu miji da gida a kan tudu. Tekun bai nemi komai daga gare su ba.

Roman Holiday na William Wyler (1953) daban yake, ko da yake ba shi da launi, fari da baƙi ne. Audrey Hepburn ce gimbiya Ann, wadda ta zo Roma ziyarar aiki, ta gaji da gaisuwa da jawabai, ta sulale daga ofishin jakadanci da dare. Ɗan jarida Ba'amurke, Joe Bradley, wanda Gregory Peck ya fito a matsayinsa, ya tsince ta tana barci a gefen titi. Da ya gane ko wace ce, sai ya daidaita da editansa a kan dala 5,000 idan ya kawo labarinta. Kwana ɗaya tak suka yi suna zaga gari: ta yanke dogon gashinta, ta hau babur ɗin Vespa, ta zauna shan abin sanyi a bainar jama'a kamar kowa.

Abin lura shi ne yadda garin yake aiki a cikin labarin. Akwai wani tsohon dutse mai siffar fuskar mutum, Bocca della Verità, wanda almara ta ce yana cizge hannun maƙaryaci idan ya sa a bakinsa. Joe ya sa hannu, ya yi ihu, ya zaro shi a ɓoye cikin hannun riga. Muna dariya, amma mun san su biyun duk ƙarya suke yi wa juna: ita ta ɓoye sarautarta, shi ya ɓoye sana'arsa. Da a wani garin ne, da wannan wasan bai yiwu ba.

Ƙarshensa ne ya sa har yau ake maganarsa. Gimbiya ta koma bakin aikinta da ƙafarta. Washegari suka haɗu a taron manema labarai, ita a sama, shi cikin layin ƴan jarida. An miƙa mata hotunan da aka ɗauke ta a asirce, labarin kuma ba a buga ba. Ta tafi, kowa ya watse, Joe ya taka shi kaɗai ya fita daga wannan doguwar fada. Ita ta rasa ƴanci, shi ya rasa kuɗi da mace. Saboda mun ga abin da suka biya, kwana ɗayan nan ya yi nauyi a zuciyarmu. Hepburn ta samu Oscar da wannan rawar. Wanda ya ƙirƙiri labarin kuwa, Dalton Trumbo, ba a sa sunansa ba, don an haramta masa aiki a Hollywood bisa zargin kwaminisanci. Sai a 1993, bayan rasuwarsa, aka miƙa wa matarsa kyautar.

Avanti! na Billy Wilder (1972) ya ɗauki hanya mafi wuya, don da gawa ya fara. Jack Lemmon ne Wendell, attajiri daga Baltimore, wanda ya zo tsibirin Ischia ɗaukar gawar mahaifinsa da ya mutu a haɗarin mota. Nan ya gano tsohon bai mutu shi kaɗai ba: shekara goma yana haɗuwa da wata Baturiyar Ingila a otal ɗin kowace shekara. Ƴarta Pamela, wato Juliet Mills, ita ma ta zo ɗaukar tata gawar. Wendell yana sauri, garin ba ya sauri. Ana bukatar takardu da hatimi, ana bukatar akwatin gawa na musamman, ma'aikata kuma sun tafi cin abincin rana. Sunan fim ɗin ma darasi ne: a Italiya mai shiga ɗaki yakan nemi izini, a amsa masa da wannan kalma, kamar dai sallama da bisimilla a wurinmu. Wendell mutum ne da ya saba faɗawa ɗaki ba sallama, sai da tsibirin ya koya masa tsayawa a bakin ƙofa. A ɗakin ajiye gawa, inda Pamela ta ajiye furanni ga mamatan biyu, dariya takan tsaya cak, kuma daga nan ne fim ɗin ya samu zurfinsa.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. Avanti! ya ɗauki cin amanar aure kamar gadon da ɗa zai karɓa daga uba, akwai kuma tsiraici a cikinsa, ba fim ne na kallo da yara ba. Sannan a yawancinsu ɗan gari direban tasi ne ko wanzami ko mai otal, yana ɗaga hannu yana surutu don baƙo ya yi dariya. Wanda yake son ganin Romar ƴan Roma sai ya nemi Bicycle Thieves na Vittorio De Sica (1948), inda satar keke ɗaya ta durƙusar da magidanci. Shekara biyar ce kacal tsakaninsa da Vespar gimbiya, kuma gari ɗaya ne.

Mu da muke jin labarin matasan da suka bi ta Agadas zuwa Libiya, muna da ƙarin dalilin kallon wannan teku da ido biyu. Baƙon da ke cikin finafinan nan ya zo da fasfo da tikitin komawa, shi ya sa teku ya zame masa wurin hutu. Sanin haka ya ƙara mini ganin darajar Roman Holiday, don shi ne bai yi wa mai kallo alkawarin cewa kyan wuri yana warware matsalar mutum ba. Idan ɗaya za ka kalla, fara da shi, kuma kada ka tashi sai Joe ya gama takawa ya fita daga fadar.