Bututun da Ke Ɗauke da Numfashin Bentley

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zuga-zugi: wuta ba ta ci sai da iska. 'Yan'uwa biyu ne a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wani famfon iska a 1860 don hura wutar narka ƙarfe. Kusan shekara saba'in bayan haka, wani injiniya mai suna Amherst Villiers ya ɗauki irin wannan famfo, wato bulowa, ya kafa shi a goshin motar Bentley a Ingila, gaban lagireta, ya haɗa shi da bakin karanshaf. Direban tsere Tim Birkin ne ya nace a yi, ko da yake wanda ya kafa kamfanin, W.O. Bentley, bai so ba. Haka aka sami motar da ake kira Blower a 1929. Injinta silinda huɗu ne, lita huɗu da rabi, amma da bulowa ta cusa masa iska sai ƙarfin na tsere ya kai doki 240.

Masu kallo kan bulowar suke tsayawa. Ni kuwa abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne manifol, wato bututun alminiyam da ke kwasar haɗin fetur da iska ya rarraba wa silinda, da kuma mazaunin da ake ɗaure kafireta a kai. Babu abin da ke juyawa a cikinsu, amma nan ne gwanin bakanike ke kwana.

A wannan mota kafireta biyu ne, ƙirar SU, manne a gefen bulowa. Iska ta fara bi ta cikinsu ta ɗauki fetur, bulowa ta matse haɗin, sannan ya hau bututu zuwa inji. Kenan duk tsawon bututun cike yake da abin da ke jiran tartsatsi. Shi ya sa ake sa bawul mai sifirin a jikin manifol, domin idan inji ya yi tari wuta ta dawo baya, ya buɗe ya saki matsin kafin gidan bulowa ya tsage. Mai gyara yakan gwada ƙarfin sifirin ɗin tun kafin ya taɓa komai. Mercedes ta wancan zamani ta bi wata hanya dabam, bulowarta ce ke hura iska cikin kafireta, kuma sai direba ya take totur har ƙasa take kamawa.

Aikin gyaran manifol yana farawa da wanki da ɗumi. Tsohon alminiyam na zubi yana da ƙananan ramuka da suka sha mai shekara da shekaru. In aka kai masa walda kai tsaye, man ya taso ya ɓata ɗinkin da kumfa. Don haka sai a gasa shi a hankali, ya yi gumin baƙin mai, a goge, a sake gasawa, har ya daina. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, ɗinkinsa ya yi kyau a ido, ya buɗe bayan 'yan watanni.

Sai daidaita fuska. Fuskar da kafireta ke zama a kai dole ta kwanta sumul. Gwani yakan shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, ya riƙa zagaya ƙarfen a kai kamar yana rubuta lamba 8, don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ya ɗaga, ya shafa wani shuɗin tawada siriri a kan faranti mai santsi, ya ɗora ƙarfen, ya duba. Inda shuɗi ya kama, nan ne tudu. Inda bai taɓa ba, kwari ne, kuma ta nan iska za ta saci hanya. Ya koma kan gilashi. Yana iya yin haka sau goma kafin shuɗin ya rufe fuskar baki ɗaya. Wannan ɗan kwarin da ido ba ya gani ya isa ya sa iska ta rinjayi fetur, wuta ta yi zafi fiye da kima, ta huda kan fistin. Malalaci kan cika wurin da gam ya ƙara matse noti, kunnen ƙarfen ya lanƙwashe, ɓarakar ta ƙaru.

Kusurwar mazauni ma tana da nata hukunci. Kowace kafireta tana da ƙaramin kofi da fetur ke tsayawa a ciki a wani ma'auni. In aka sauya mazauni ya karkace, ma'aunin ya sauya, sai mota ta riƙa shaƙewa ko ta ji ƙishi. Saboda haka ana ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kai, motar na tsaye a kan tayoyinta, kafin a huda ramin ko da bol ɗaya. Akan kuma sa matallafi a ƙasa, don nauyin kafireta da girgizar inji kada su karya wuyan.

A cikin bututun kuwa, fetur ya fi iska nauyi. In kwana ta yi kaifi, iska ta juya, ɗigon fetur ya bugi bango ya kwanta, wata silinda ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa. Gwani yakan ɗora gasket a bakin rami, ya zana da ƙarfe mai tsini, ya bi layin da magagari har bakin manifol da na inji su haɗu ba tsani. Ba ya goge cikin ya yi ƙyalli kamar madubi, yakan bar ɗan kaushi da gangan don fetur kada ya taru ya malala.

Alƙalin ƙarshe fulogi ne. A kori motar da ƙarfi, a kashe inji nan take, a kwance fulogan a jera su bisa tsarin silinda. Launin ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi fetur ya yi yawa, fari fat kuwa haɗari. In ya kama, sai a zare allurar kafireta, wadda sirantarta ke auna fetur, a sauya ta ko a ɗan shafe ta da samfefa, a sake fita.

Motocin Blower guda 55 kacal aka ƙera na asali. A 2019 kamfanin Bentley ya sanar zai yi sababbi 12, kuma kafin a fara sai da aka warware ɗaya daga cikin motocin tseren Birkin gunduwa-gunduwa, aka auna kowane yanki.