Wa Ya Tambayi Uwar Umar? Tsokaci Kan Littafin Shaihu Umar

Manazarta sun sha yaba wa littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934) ta fuskar jigon haƙuri da neman ilimi. Ni kuwa da na sake karanta shi a nan Gombe, wani abu dabam ne ya tsaya mini a rai.

An sace Umar yana ƙarami, daga wannan hannu zuwa wancan, har ya faɗa hannun Balaraben nan Abdulkarim, wanda ya riƙe shi tamkar ɗansa, ya sa shi karatu. Madalla. To, mahaifiyarsa fa? Ta fita nemansa, ta ɓuge da zama baiwa a Murzuk, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus, ajali na gab da ita. A nan ne, a ganina, alƙalamin marubucin ya yi sanyi. Ya bar Umar yana ba da labari cikin natsuwar malami, har mai karatu ya kusa ɗauka cewa kirkin ubangida guda ya wanke fataucin baƙar fata.

Tunanin nan bai mutu ba. A littafinta Shattered Bonds (2002), Dorothy Roberts ta nuna yadda hukumomin kula da yara a Amurka suke raba 'ya'yan baƙaƙe da iyayensu fiye da kima, ana kiran talauci sakaci. Mu a Gombe launin fata bai raba mu ba, abin hannu ne ya raba. Rahoton Human Rights Watch na 2007 ya bayyana yadda 'yan siyasa suka yi amfani da 'yan Kalare, amma in an tashi kame, ɗan talaka ake jefawa mota. Alhali Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya (2003) ta yarda a kashe ƙaramin laifin yaro ta hanyar sulhu, sa ido da biyan diyya, ba sai an gurfanar da shi ba.

Shi kansa littafin ya san illar hukuncin gaggawa, ko da bai tsaya a kanta ba. Fadawa sun yi wa Makau, mijin uwar Umar, ƙazafin ɓoye bayi, sarki ya kore shi daga Kagara. Korar nan ce ta bar gida ba namiji, daga nan ɓarawo ya sami yaron.