Ali na FVVA da Biron da Ke Jiranmu

A hutun da ya wuce muka kalli FVVA a fadarmu, fim ɗin da Mustafa Alasan ya fitar a 1972. Haruffan huɗu na Faransanci ne: mace, katafaren gida, mota, kuɗi. Abokaina sun yi ta dariya ana zuba shayi. Ni dai dariyar ta ƙi fita, zan kuma faɗi dalili.

Ali ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a birni, yana zaman rufin asiri. Iyaye suka ɗaura masa auren da bai nema ba, nauyi ya ƙaru, ya shiga neman abubuwan nan huɗu da ake auna mutum da su. Albashi bai kai ba, ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, aka kama shi. Masu yi masa fadanci suka watse, matarsa ta fari kaɗai ta jira fitowarsa daga kaso.

Ƙarfin fim ɗin shi ne bai nuna Ali a matsayin ɓarawo tun daga haihuwa ba. Jingare Maiga ya fito da shi mutum mai sanyin hali, irin wanda za ka ba ajiya ka yi barci. Sannu a hankali mutanen da ke kewaye da shi suka koya masa cewa wanda ba shi da mota ba a tashi a gaishe shi. Shekara 12 kacal bayan ƴancin kai, Alasan ya riga ya hango ciwon.

Amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, an bar wa uwargida haƙuri a matsayin lada, kamar aikin mace shi ne jiran namiji ya gama ɓarnarsa. Na biyu, na so a ƙara daɗewa a cikin biro, domin can ake koyon abin da gida bai koyar ba.

Na san haka don na yi sitaji na wata uku a wani biro da ba zan ambata ba. Satin farko ina isowa kafin kowa. Wani babba ya dube ni ya ce, "Ƙanena, wa kake so ka kunyata?" Na fara makara. Na ga yadda takarda ke kwana ƙasan tebur har sai mai ita ya ba da na goro. Babu wanda ya ce in yi haka, gani kawai nake yi. A wata na biyu wani dattijo ya zo daga ƙauye neman takarda, na ji bakina ya ce, "Baba, ka dawo jibi," alhali takardar na gabana. Ya kwance bakin rawaninsa ya miƙo mini jika guda. Na karɓa. Har yau ina tuna yadda ya yi mini godiya.

Shi ya sa dariyar ta ƙi fita. Ali ya ɗauki lokaci kafin ya lalace, ni sati shida suka ishe ni. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne. Sai dai karin maganar ba ta wanke ni ba, domin a biron nan akwai wata sakatariya da ba ta karɓar ko dala, ana yi mata kallon mai taurin kai, tana aikinta. Ita ma cikin kanwar take zaune.

Ƴan uwa, mafi yawanmu biro muke fata bayan jami'a. Ku nemi fim ɗin ku kalla, amma kada ku tsaya ga Ali. Ku dubi masu zuga shi, ku tambayi kanku kujerar wa za ku zauna kusa da ita ranar da kuka kama aiki.