Sharhi Kan Yadda Ake Koyar da "Lokaci Sabau" da Kalmomin Sabo a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawun Hausa ya haddace jerin nan: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Sunan da aka raɗa wa jerin shi ne "lokaci sabau", kuma bayanin da aka fi bayarwa a takardun koyarwa shi ne wai yana nuna aikin da ake yi kullum. Haka nan ake tara kalmomin al'ada da sabo da ɗabi'a da hali a layi guda, a ajiye musu kalmar Faransanci ɗaya, wato "habitude". Wannan sharhi yana ganin cewa bayanin ya gaza, domin Bahaushe ya bambanta abin da ake yi ba fashi da abin da ake yi jefi-jefi, ya kuma bambanta abin da jama'a suka gada da abin da mutum ɗaya ya ɗora wa kansa. Batun ya ƙara nauyi tun shekarar 2025 da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, domin ɗaliban da ake koyarwa yau su ne za su fassara sanarwar asibiti da takardun hukuma gobe.

2.0 Shin "Kan" Yana Nufin Kullum?

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Malam yana salla.
(2) Malam yakan yi salla.

In da bayanin da ake bayarwa daidai ne, da jimla ta (2) yabo ce. Amma duk Bahaushen da ya ji ta zai ɗauke ta a matsayin habaici, domin abin da ta nuna shi ne malamin yana yi yana bari. Jimla ta (1), wadda ake kira "lokaci mai ci", ita ce ta nuna mutum mai tsayar da salla. Haka abin yake a nan:

(3) Rana tana fitowa daga gabas.
(4) Rana takan fito daga gabas.

Mai jin jimla ta (4) zai iya tambaya: to, sauran ranakun fa daga ina take fitowa? Ke nan "kan" yana barin ƙofa a buɗe ga fashi. Shi ya sa ya fi zama daram da kalmomi irin su "wani lokaci" da "jefi-jefi" da "loto-loto", kamar a ce, "Yakan leƙo mu loto-loto." Abin da yake da tsayayyen lokaci kuwa, da "na" aka fi faɗarsa: "Kasuwar garinmu tana ci ranar Alhamis." Wannan ba sabon gano ba ne. Manyan littattafan nahawu na Paul Newman (2000) da Philip Jaggar (2001) duk sun nuna cewa siga mai "na" tana ɗaukar ma'anar aikin da aka saba yi. Gyaran dai bai sauko cikin takardun aji ba.

Ba a ce "kan" ba ya nuna abin da ya zama ƙa'ida ba. A karin magana ana cewa, "Da abokin daka akan sha gari." Amma a fagen nan ma ana cewa, "Don tuwon gobe ake wanke tukunya." Idan aka zo korewa kuwa, da wuya a ji "ba yakan...ba" a bakin jama'a. Abin da ake ji shi ne, "Ruwa ba ya tsami banza." Saboda haka ɗalibin da aka horar ya riƙa jera "ba nakan je ba" ya koyi sigar da take daidai a nahawu, amma zai daɗe a kasuwa bai ji ta ba.

Akwai kuma matsala a sunan kansa. An kira shi lokaci, alhali bai ɗaure aiki a jiya ko yau ba. Ana cewa, "A da can mukan kwana a gona," ana kuma cewa, "Yanzu mukan kwana a gida." Sigar ba ta sauya ba, "a da" da "yanzu" su ne suka ɗauki lokacin. Abin da "kan" yake nunawa shi ne yanayin aukuwar aikin.

3.0 Giɓin da Aka Bari: Riƙa da Dinga

"Kan" yana ba da labarin abin da yake faruwa, ba a yin umarni da shi. Idan ana son a sa mutum ya maimaita aiki, sai an nemo "riƙa" ko "dinga", waɗanda sau da yawa ba a ambatonsu a babin sabau. Illar hakan tana bayyana a darasin fassara. Maganin tarin fuka ana shansa kowace rana har wata 6, kuma yin fashi yana iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. A kwatanta waɗannan fassarori guda biyu:

(5) Majiyyaci yakan sha magani da safe.
(6) Majiyyaci ya riƙa shan magani kowace safiya, ba fashi.

Jimla ta (5) ba ta umarci kowa ba, kuma ta halatta tsallake rana. Ɗalibin da ya rubuta ta bai yi ganganci ba, abin da aka koya masa ya bi.

4.0 Al'ada, Sabo, Ɗabi'a da Hali

Uku daga cikin kalmomin nan aro ne daga Larabci. "Al'ada" ta shigo tare da "al" ɗinta, daga tushen da yake nufin komowa. "Ɗabi'a" a asalinta tana nufin yadda aka halicci abu, "hali" kuma yanayin da abu yake ciki. Ko "kullum" ma daga Larabci take, ma'anarta kowace rana. Sai dai asali ba shi ne ma'ana ba, kowace ta kama gurbinta a Hausa.

Al'ada galibi ta jama'a ce: al'adun aure, al'adun haihuwa, al'adar Hausawa. A wasu wurare ana cewa ta'ada ko tada. Don haka idan aka fassara gargaɗi kan shan taba ko ƙin wanke hannu da "ku bar miyagun al'adunku", an tashi daga gyaran mutum ɗaya an koma zagin gari guda. Bugu da ƙari, mace idan ta ce ta ga al'adarta, jinin wata take nufi. Mai fassarar da ya rubuta wa mata "ki canza al'adarki" ya jefa su cikin ruɗu.

Sabo kuwa na mutum ne, kuma yau da gobe take kawo shi. Aikatau "saba" yana da hanyoyi biyu. "Ya saba zuwa da wuri" maimaita aiki ne, "ya saba da zafi" kuwa jiki ne ya daina jin baƙunci. Abin lura shi ne sigar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma ma'anar tana nan har yanzu. Bahaushe yana kallon sabo a matsayin abin da yake ɗaure mutum, shi ya sa ya ce, "Sabo turken wawa."

Ɗabi'a tana tafiya da hukuncin kyau ko muni, kuma tarbiyya tana gyara ta, shi ya sa ake maganar kyawawan ɗabi'u. Hali shi ne mafi zurfi, har aka ce da shi zanen dutse. Ana barin sabo, ana gyara ɗabi'a, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Malamin da ya rubuta a takardar sakamako cewa makara halin yaro ce ya yanke masa ƙauna, wanda ya rubuta cewa yaron ya saba makara ya bar wa iyaye hanyar gyara. Sannan "hali" yana da wasu ma'anoni da ya kamata a nuna wa ɗalibi, kamar "halin da ake ciki", da "mai hali" wato mawadaci.

5.0 Matsalar Rubutu

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka "sabo" na sabawa da "sabo" kishiyar tsoho kamarsu ɗaya a takarda, a baki ne kawai na farko yake farawa da karin ƙasa, na biyu da karin sama. Idan kuma na'ura ba ta da harafi mai lanƙwasa, sai "saɓo" na zunubi ya shigo ya zama na uku, "ya saɓa doka" ya koma "ya saba doka". Haka nan ake cakuɗa "akan" na sabau, wanda ake haɗewa, da "a kan" mai nuna wuri, wanda ake rabawa: "Akan zauna a kan tabarma."

6.0 Kammalawa

An ga cewa "kan" bai kai "kullum" ƙarfi ba, kuma ba ya shiga umarni. An kuma ga cewa al'ada da sabo da ɗabi'a da hali sun bambanta ta fuskar mai abin da kuma yiwuwar barinsa. Shawarar da ta fito daga nan ita ce a daina koyar da sabau shi kaɗai, a haɗa shi a babi guda da siga mai "na" da "riƙa" da "dinga" da "saba". A kuma riƙa ba ɗalibai jimloli bibbiyu irin (1) da (2) su kai wa dattawan unguwarsu, su rubuto abin da dattawan suka fahimta da kowace, kafin a zauna tattauna ƙa'ida a aji.