Ud na kwalba da kaskon amarya

A ƴan shekarun nan, tsarabar alhazan Waca da Magarya da Dungas ba ta cika sai da ƴar kwalba mai rubutun zinariya da ake kira ud. Sunan ya yi tashe har ana auna gatan amarya da shi. Abin dubawa shi ne ko al'adar ce ta iso ko kuwa sunanta kawai.

Ud ba tsiron ƙasar Larabawa ba ne. Itacen Akwilariya ne na dazuzzukan Asam, Kambodiya da Indunisiya, wanda ba ya ƙamshi sai cuta ta kama zuciyarsa, ya fitar da baƙin ƙaro don kare kansa. Kaɗan ne cikin itatuwan ke yin haka, shi ya sa tsadarsa. Sara ya yi yawa har yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin nau'insa mafi shahara tun 1995. Larabawa sun ɗaukaka shi tun da daɗewa, hadisai ma sun ambace shi da sunan aluwwa. A Najadu da ƙasashen Tekun Fasha, ɓallin itacen ake ɗorawa kan garwashi, a zagaya da kaskon wurin baƙi, kowa ya turara gemu da tufa, daga nan an san zama ya ƙare. Darajarsa tana cikin wannan karamci.

Abin da ke cika kasuwanninmu kuwa, akasarinsa haɗin masana'anta ne, kuɗinsa ma ya isa shaida. Ana fesa shi a tsaye, ba wuta, ba baƙo.

Alhali kasko ba baƙon Damagaram ba ne. Tsofaffin mata sun san kajiji da hawi da jawul da farce, sun san kwanakin da haɗi ke yi a rufe kafin ya nuna, da wanda ya dace da ɗakin amarya, da na mai jego. Wannan ilimi ma ba ya ƙin aro: farce daga teku yake zuwa, hannun matan Barno kuma a bayyane yake cikin humra. Amma an sarrafa aron har ya zama na gida.

Ƙungiyoyin al'adu suna naɗar waƙa da tatsuniya, makarantu suna koyar da karin magana, haɗin turare kuwa an bar shi a matsayin sha'anin mata. Ba a rubuce yake ba, jikokin masu shi kuma kwalba suke tambaya.