Gwanin Ramin Mitar Ruwa

A unguwannin Abuja irin su Kubwa da Gwarinpa, inda ruwan famfo ke zuwa daga madatsar Usuma, mai fili yakan fara jawo ruwa ne kafin a sa tubalin farko, domin kwaɓa kankare. Sai a tona ɗan rami bakin hanya, a jefa mita ciki, a rufe da katako. Kafin gini ya kai linta, tifa ta taka bakin ramin, cikon ƙasa ya binne shi, ko kuma a tarar ya faɗa daidai inda za a kafa get. Sauya shi aiki ne na gwanin mai gyaran famfo, kuma a nan ake bambance shi da ɗan koyo.

Ba ya fara da diga. Mitar ta hukumar ruwa ce, da hatiminta a jiki, don haka sai an sanar da ita, an rubuta lambar da mitar ke kai, an rufe bawul. Daga nan sai ya nemi magini: "Malam, ina daɓen tsakar gida zai tsaya?" Amsar ce ke nuna masa tsayin bakin ramin. Ƙasar da yake tsaye a kai yau ba ita ce ta gobe ba, don za a ƙara ciko. Bakin da ya yi ƙasa da daɓe, ruwan damina zai cika shi da laka tun saukar farko, shi ya sa yake ɗaga shi kaɗan.

Idan tono ya kusa bututu, sai ya ajiye shebur ya koma yatsu, yana share jar ƙasa a hankali. A gindin sabon ramin yakan zuba tsakuwa, don duk ruwan da ya shiga ya tsotse. Ya jera bulo, ya yi yaɓe. Inda bututu zai ratsa bango kuwa, ba ya kama shi da siminti. Yakan zura shi ta cikin guntun bututu mai faɗi, ta yadda ko bango ya ɗan zauna, ba abin da zai tsage.

Kafin ya mayar da mita, sai ya saki ruwa ya wanke yashin da ya shiga, don yashi ne ke toshe rariyarta. Ya duba kibiyar da ke jikinta, ya sa ta fuskanci gida, ya kwantar da mitar fuskarta na kallon sama, da bawul gaba da baya. Sannan ya zura hannu da sifana ya gwada juyawa. In gwiwar hannu ta bugi bango, ramin ya yi ƙunci, kuma wanda zai zo gyara bayan shekaru sai ya fasa.

Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar na'ura. A rufe duk famfunan wurin, a zuba wa ƙaramar allurar mita ido. In ta motsa, akwai yoyo, kuma kowace lamba guda da ta ƙaru lita 1,000 ce a takardar kuɗin mai gida. In ta tsaya cak, sai ya zuba murfin kankare mai rodi, ya bar wa lebura umarnin ya riƙa jiƙa shi kwana 7, kuma kada mota ta hau.